Bindiga Mai Baki Biyu da Farauta a Fadamun Nguru da Gashuwa

Farautar tsuntsaye da ƙananan namun daji a ƙasar Nguru da Gashuwa ta girmi bindiga nesa ba kusa ba, kuma ruwa ne ya tsara mata lokaci. A wannan yanki na arewacin Jihar Yobe kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu, kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Ambaliya kan cika a watan Agusta da Satumba. In ruwa ya soma janyewa sai ya bar tafkuna da ƙoramu cike da kifi da ciyawar burgu, inda dinya da kirinjijiya ke kiwo. Daga Oktoba agwagin ƙaura daga Turai da Asiya su sauka, su ci hunturu, su tashi wajen Maris. A kan tudu kuwa, cikin jigawa da kurmin goruba, akwai zabin daji, fakara, hasbiya, kurciya, zomo, kurege da gada.

Mangawa da Badawa da Hausawan da suka zauna a nan sun san farauta iri biyu. Akwai ta gayya, wadda ake fita da rani bayan an kau da amfanin gona: matasa da karnuka da gora da barandami, ana kaɗa gangi ana kirari, wanda ya riga kai hannu kan nama shi ke da shi in ya iya kare abinsa. Akwai kuma harbi, sana'ar gado ta mutum guda da bakansa da kwarinsa. Maharbi yakan shafa wa kibiya dafin kwankwani, ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe yana gyaɗa kai har ya kusanci nama. Tsuntsayen ruwa galibi da tarko da raga ake kama su, don kibiya ɗaya tsuntsu ɗaya take ci. Sana'ar tana da shugabanni, irin su Sarkin Baka, tana kuma da tsoro: maharba sun yarda cewa wasu namun suna da kwankwami, ba a taɓa su sai da shiri. Wannan tsari ya rayu ƙarƙashin Galadiman Borno, wanda Nguru ta zama mazauninsa tun ƙarni na 17, da kuma sarakunan Bade a birninsu na Gorgoram.

Bindigar da ta fara shiga hannun talaka ita ce adaka. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa, daga baya maƙeran gida suka ƙware wajen ƙera irinsu. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a zuba gutsattsarin ƙarfe ko darma, a sake toshewa. Harbi ɗaya ne, hayaƙi ya turnuƙe, kafin a sake ɗurawa garke ya yi nisa. Raɓa da danshin fadama kan sa ta ƙi tashi, in kuma aka cika mata albarushi takan fashe a hannun mai ita.

Mai baki biyu ta warware waɗannan matsaloli kusan gaba ɗaya. A Ingila ta kai ga siffar da aka san ta da ita, bayan da harsashi mai ɗauke da albarushinsa da darmarsa a ƙunshe ya yaɗu a shekarun 1860. A 1875 Anson da Deeley, ma'aikatan kamfanin Westley Richards na Bamingham, suka fito da tsarin da ya ɓoye kunamar bindiga cikin jikinta, kuma har yau akasarin irin waɗannan bindigogi a kansa suke. Karya ta ake yi a tsakiya, a zura harsashi biyu ta baya, a rufe. Wadda ta fi yawa ita ce mai lamba 12, mai faɗin baki kimanin milimita 18 da rabi. Bakunan biyu ba ɗaya suke ba, kuma a nan hikimar take. Na dama a buɗe yake, yana watsa ƙwayoyin darma da faɗi don abin da ya tashi kusa. Na hagu an ɗan tsuke ƙarshensa don ya tattara su ya kai nesa. Fakara ta tashi a gaban mutum, yatsa ya ja maɗanni na gaba. In an kuskure, na baya ya bi ta kafin ta wuce taku arba'in.

Turawan mulki sun zo da ita bayan sun kama Borno a 1902, don harbin agwagi da zabi na daga abin da joji da ma'aikatansa ke yi in sun fita rangadi. Isowar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930 ta mai da garin babbar kasuwar gyaɗa da ƙaro da fatu, kantunan kamfanoni suka buɗe, hanyar samun harsashi ta sauƙaƙa. Sannu a hankali bindigar ta shiga gidajen sarakuna da hakimai, manyan ma'aikatan En'e da attajirai, musamman da Gashuwa ta bunƙasa bayan fadar Bade ta komo can daga Gorgoram a 1946. Doka ma ta bambanta bindigogin biyu. Dokar makamai ta 1959 ta sa adaka a ajin da kwamishinan 'yan sanda ke ba wa lasisi, mai baki biyu kuwa sai da izinin Sufeto Janar. Shi ya sa mallakarta ta zama alamar matsayi, kuma sau da yawa mai bindiga daban, maharbin da ke fita da ita daban: a ba shi harsashi a ƙirge, ya dawo da nama da kwanson da ya harba.

Wannan ƙirge shi ya raba harbin Bature da na ɗan ƙasa. Bature yakan jira tsuntsu ya tashi ya harbe shi a sama, don gwaninta yake nema. Maharbin fadama kuwa tsadar harsashi ce a ransa. Tun da asuba yakan tura kwalekwale cikin ciyawa, ko ya shiga ruwa iya ƙirji da ganye a ka, ya yi ta haƙuri har kirinjijiya su haɗa kai wuri guda. Baki na farko a kan ruwa, na biyu daidai lokacin da suka zabura. Dinya, wadda ta fi duk agwagin Afirka girma, tana bukatar manyan ƙwayoyi irin BB. Ƙanana masu lamba 4 zuwa 6 na zabo da zomo ne. Tsohuwar dabarar sanɗa ta maharbin baka ba ta mutu ba, makami kawai ta sauya.

Bindigogin sun daɗe saboda ba su da tarkace da yawa, kuma maƙera sun iya da su: su ƙera sabon ƙarfe mai tsalle, su ɗaure tsagaggen gindi da ɗanyar fata, in ta bushe ta kama gam. Daga baya ƙirar Rasha mai suna Baikal ta shigo da araha. Haɗarin tsofaffin shi ne an yi da yawansu don harsashi mai tsawon milimita 65, na yanzu kuwa akasari 70 ne, ga tsatsa da ke cin bakin ta ciki. Sake ɗura kwanso da albarushin gida, wanda tsada ke jawowa, yana ƙara wannan haɗari.

Raguwar nama ta fito fili daga shekarun 1970, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa bindiga mai harbi biyu laifin duka. Farin 1973 da na 1984, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Gonaki suka cinye kurmi. Amma harbin garke a kan ruwa, har a lokacin ƙwai, ya yi tasa ɓarnar, haka ma darmar da ke nutsewa cikin laka, wadda agwagi ke haɗiya a zaton tsakuwa ce. Saboda wannan illa ta darma, Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma tun 1991. Shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru ya soma a 1987, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci dausayin Dagona a 1989, aka sa wurin cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991, inda harbi haramun ne. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Rikicin Boko Haram ya sake juya al'amarin. Samun lasisi da harsashi ya yi wuya, yawo da bindiga a daji ya zama abin tuhuma, maharba da yawa a Yobe suka shiga aikin sintiri tare da jami'an tsaro. Farautar da ta rage a kewayen Nguru da Gashuwa ta fi karkata ga zomo da zabo da kurciya a bayan gonaki da rani, kuma adaka da tarko da karnuka sun fi mai baki biyu yawa a cikinta.