Jego a Hanyar Gabas

Kafin jiragen sama su fara kwasar alhazai daga Kano, mai niyyar Makka yakan yi sallama da dangi kamar ba zai dawo ba, kuma sau da yawa da matarsa yake tashi. Ayari ya bi ta Borno, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur ta Janaina, ya wuce Fashir da Ubayyid kafin ya ga ruwan Nilu. Ana tafiya ana yada zango a yi noma ko ƙwadago don a ƙara guzuri, shekaru suna shuɗewa. Macen da ta bar gida tana amarya takan isa bakin Bahar Maliya da goyo a baya, wani yana riƙe da gefen zanenta.

A ƙasar Hausa, haihuwa aikin dangi ce. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Idan ta sauka, ungozoma ta yanke cibi, sai a ɗora tukunyar wanka: ruwa mai zafi safe da yamma, ana fyaɗa shi da ganye har kwana 40, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Duk wannan yana cin abu uku, wato uwa, itace da ruwa, kuma su ne hanyar gabas ta fi rowarsu. A yammacin Kurdufan, a kogon kuka mutane ke tara ruwan damina su yi ta lallaɓa shi har ƙarshen rani. Wa zai ba baƙuwa tulu biyu kullum don wanka kawai? Uwa kuwa tana can Katsina ko Haɗeja, ba ta ma san 'yarta na kan gwiwa ba. Tsofaffin matan ayari su suka tsaya a madadinta, mazan zango suka raɗa suna ran bakwai.

Wani babban ayari shi ne na bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, har da mata da yara, zuwa gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, Takari, wato waɗannan baƙi daga yamma, suka sami aikin yi, zango ya fara zama gida.

A nan Bahausa ta tarar da wata al'ada. Matan Sudan da yawa a lokacin igiya suke kamawa daga rufin ɗaki su haihu, sannan bayan arba'in su yi turaren hayaƙin itacen talha. A 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman, inda take koyar da matan da ba su iya karatu ba su gane magani ta ƙamshi da ɗanɗano, ta sallame su da akwatin kayan aiki.

Amma haihuwa a ƙasa ba ta sa jariri ya zama ɗan ƙasa ba. Dokar 1957 ta nemi a nuna cewa kakannin mutum suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar 'ya'yan alhazai masu yawa a waje, ana ce musu Fallata ko da ba su taɓa ganin Najeriya ba. Su ma iyayen ba su cika ɗaukar kansu mazauna ba. Masani C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne a ƙauyukan Jazira, an haife su a can, sun haifi nasu a can, kuma idan aka tambaye su sai su ce suna kan hanyar Makka.