Daga Takarda 714 zuwa Kwamfutar HMRC: Yadda Birtaniya Ta Mai da Ɗan Kwangila Mai Karɓar Haraji

A Birtaniya yau, kafin ɗan kwangilar gini ya biya sabon birkila ko kafintan da ya yanko wa aiki, sai ya fara tambayar hukumar haraji ta HMRC ta intanet: nawa zan cire daga kuɗin mutumin nan? Amsar ba ta wuce uku. Ko kashi 20 cikin ɗari idan yana da rajista, ko kashi 30 idan ba a gan shi a kundi ba, ko kuwa a biya shi cif, ya ji da harajinsa da kansa. Wannan tambaya ta 'yan mintuna, an shafe fiye da shekara talatin ana lalube kafin a iso gare ta.

Asalin maganar aikin jinga ne. A shekarun 1960 kamfanonin gini sun ga ya fi musu sauƙi su daina ɗaukar ma'aikata na dindindin, su riƙa yin ciniki da gungun magina a kan kuɗi a dunƙule, abin da Turawa suka laƙaba wa suna "lump". Ana gamawa a ƙirga kuɗi a hannu, kowa ya kama gabansa. Babu haraji, babu inshora, sau da yawa sunan da aka rubuta ma na ƙarya ne. Ƙungiyoyin ƙwadago sun tsani tsarin, yana kuma cikin abubuwan da suka hura wutar yajin aikin magina na ƙasa baki ɗaya a 1972. Ita kuwa gwamnati, abin da ya dame ta shi ne kuɗin da ke zurarewa.

Dokar kuɗi ta 1971 ta kawo dabara: tunda ba za a iya bin lebura daga wannan gini zuwa wancan ba, a riƙe mai biyansa. Ɗan kwangila ya cire haraji tun daga tushe, sai fa idan mai aikin ya nuna takardar keɓewa. Takardar nan, wadda aka fi sani da lambarta, 714, nan da nan ta zama dukiya, domin mai ita yana tafiya gida da kuɗinsa cikakke. Abin da ya zama dukiya kuwa ba ya rasa ɓarawo. Aka riƙa sace ta, ana sayar da ita, ana buga ta jabu, kuma liƙa hoton mai ita bai kashe kasuwar ba. A Agustan 1999 aka sake lale da katin rajista na CIS4 da takardun CIS5 da CIS6, amma cutar tana nan: shaidar tana aljihun mutum, mai dubawa kuma magatakarda ne a ofishin wurin gini, ba mai binciken jabu ba.

Sai ranar 6 ga Afrilun 2007 aka soke katunan gaba ɗaya. Shaida ta bar aljihu ta koma kundin hukuma. Ɗan kwangila ya shigar da suna da lambar haraji mai alƙaluma goma, HMRC ta faɗa masa kason da zai cire daga kuɗin aiki kaɗai, ban da na kayan gini. Sannan ya kai rahoto kowane wata, kada ya wuce ranar 19, in ya makara tarar fam 100 ce somin taɓi.

A ganina an toshe ƙofar jabu, an bar ta asali a buɗe. Tantancewar tana faɗin nawa za a cire, ba ta faɗin ko mutumin da gaske mai zaman kansa ne, ko kuwa ma'aikaci ne aka sauya wa suna don a guje wa kuɗin hutu da na jinya. Wannan hukunci an bar wa ɗan kwangila, wanda shi ne mai cin ribar amsar, ya sa hannu a kai duk wata. Birkilan da aka yi kuskuren harafi a sunansa kuma, kashi 30 za a yanke masa, ya jira ƙarshen shekarar haraji a watan Afrilu kafin ya nemi a mayar masa da rarar.