Su da Fatsa a Ƙasar Rano, Kafin Tiga da Bayanta

Wanda ya ga masunta da kwale-kwalensu a Tiga ko Ruwan Kanya zai zaci tun fil'azal ƙasar Rano da Kibiya ƙasar ruwa ce. Alhali kuwa ƙasa ce ta duwatsu da rafuka, masu tumbatsa da damina, su ƙafe da rani su bar gurabe jefi-jefi. Ko a labarin Bayajida, da aka raba wa Hausa Bakwai aiki, baba da rini aka ba Rano, ita da Kano.

Amma rashin babban ruwa bai hana su ba. A ƙasar Hausa, gurbin da ya yi saura da rani ba a faɗa masa gaba-gaɗi. Sarkin Ruwa ke sa rana, sannan jama'a su shiga da homa da gora, a yi ta ihu ana dariyar wanda tarwaɗa ta suɓuce wa. Rabin abin neman miya ne, rabi wasa. Yara kuwa fatsa suke jefawa da tana a ƙugiya, ko an kama ko ba a kama ba an sha hantsi.

Abin lura shi ne yadda kifin ke farfaɗowa da kansa. Da ruwan farko ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa sai ta bi shi ta zuba ƙwai, 'ya'yan su girma inda taru ba ya shiga. Gaiwa kuma tun kafin nan ta binne kanta cikin laka, tana numfashi da huhu har damina ta tashe ta. Wato yanayi ya ba kifi hutu, al'ada ta ƙara masa.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka datse Kogin Kano a Tiga. An gama aikin a 1974, daidai lokacin da fari ya ƙuntata wa Arewa. Don noman rani da ruwan sha aka yi shi, aka ja babbar magudana ta bi ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Bunkure da Kura da Kadawa. Kifi kuwa gyara ne aka samu. Karfasa ta yaɗu, masunta suka taso daga wasu garuruwa suka kafa sansani, ma'aikatan birni ma suka riƙa zuwa Tiga da Bagauda da sandunan fatsa a ranakun hutu.

Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa ba shi da ranar rufewa. Ragar lailon ta samu, ana ta ƙanƙanta idonta, har wasu suka koma jan gidan sauro. Marasa imani kuma suka riƙa zuba Gamalin, maganin ƙwari, su kwashe abin da ya taso. Can ƙasa ma, fadamun Haɗeja da Nguru sun rasa ambaliyar da kifinsu ke haihuwa a ciki, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

Hukuma ta yi nata. An kafa wurin ƙyanƙyasar kifi a Bagauda, a 1992 kuma gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta haramta guba da nakiya a ruwayen cikin ƙasa. A ganina, zuba 'ya'yan kifi a dam bai kai hana taɓa iyayensu amfani ba. Mutanen Argungu suna tsare Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga.

Karfasar da aka fi ci a nan, uwar a baki take renon ƙwanta, ba ta cin abinci sai sun ƙyanƙyashe. In raga ta kama ta a wannan hali sai ta tofar da su, ɗaruruwa, su watse a ƙasan kwale-kwale.