Sunan da magatakarda ya rubuta: neman kakan da aka kama a Boma

Wanda ya tashi daga Kirikasamma, ko Madachi, ko Baturiya yana neman labarin kakansa da aka ce an kama a yaƙin Boma, tun a kan suna zai fara cin karo da bango. Magatakardun soja na zamanin Turawa ba su cika tambayar sunan uba ba. Sai su rubuta sunan yanka, su liƙa masa na gari mafi girma a yankinsa. Da haka masunci daga bakin fadama ke komawa Musa Haɗeja, ko ma Musa Kano, tunda jirgin ƙasan Nguru da ke ratsa Malam Madori can yake sauke mutane. Masu irin wannan suna kuwa ba su ƙirguwa.

Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo baya, suka haɗu wajen ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba, kuma a wancan surƙuƙin daji sau da yawa wanda ya ji rauni kashe shi ake yi a inda ya faɗi. Saboda haka kalmar "an kama shi" da ta iso gida tana iya nufin kurkuku, tana iya nufin kabarin da ba a sani ba.

Tana iya nufin rai ma. Isaac Fadoyebo, Bayarabe ma'aikacin asibitin soja, an harbe shi a bakin Kaladan a Maris 1944. Wani manomi Musulmi, Shuyiman, ya ɓoye shi tare da David Kagbo ɗan Saliyo, yana ciyar da su alhali ya san kansa ne a bakin takobi. Kusan wata tara suka yi kafin a cece su, a gida kuwa an riga an fid da rai. Da Fadoyebo bai rubuta abin da ya same shi ba, da ɗan jarida Barnaby Phillips bai bi sawunsa ba. Namu mazan jiyan da baki suka ba da nasu, a zaure, kuma ba mu rubuta ba. Wannan yana ci mini rai.

Mabuɗin binciken lambar soja ce. Tana cikin takardar sallama, wadda tsofaffi kan naɗe a tsumma su cusa a ƙasan akwatin ƙarfe tare da lambar yabo mai siffar tauraro. A ƙasar da ambaliya ke rushe ɗakunan laka, takarda ba ta daɗewa, don haka wanda ya samu ya ɗauki hotonta a yau. Wanda bai dawo ba, a nemi lambar wanda suka tafi tare, a tambayi iyalansa bataliyar da suka zauna.

Da lamba a hannu, sai a duba sunayen da ke bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka zana kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma ana samun su a intanet. Katunan da Japanawa suka cike wa fursunoninsu suna ma'ajiyar takardu ta Kew a Landan. Kwamitin Red Cross a Janiba ma yana riƙe da rajistar fursunoni.

Iyalan da ke da dangi a Damagaram ko Maraɗi hanyarsu daban ce, domin nasu Faransa suka yi wa soja. Sojojin Afirka da Jamus ta kama a 1940 a cikin Faransa ta tsare yawancinsu, a sansanonin da ake kira Frontstalag. Takardunsu suna birnin Caen na Faransa.

Kafin duk wannan, a fara da gwaggo. Ita ce za ta tuna laƙabin da ake kiransa da shi, da dagacin da ke kan gado lokacin da aka ɗebe su.