Asalin Safar Hannun Selbu ta Ƙasar Norwe

Safar hannun da mutanen Norwe suke kira Selbuvott, wato safar garin Selbu, tana cikin kayan sana'ar hannu da aka fi sanin ƙasar da su, har mutane da dama kan ɗauke ta a matsayin gadon kaka da kakanni, alhali kuwa shekarunta ba su kai 200 ba. Irin wannan safa ta bambanta da wadda ake yi wa kowane yatsa gidansa, domin yatsu huɗu suna zama ne wuri guda, babban yatsa kaɗai ke da nasa gidan, wanda hakan kan sa yatsun su ɗumama juna a tsananin hunturu. Selbu kuwa ƙaramar hukuma ce ta mutum kimanin 4,000 a yankin Trøndelag, kudu maso gabas da birnin Trondheim.

Dabarar haɗa zare kala biyu a saƙar tsinke ta girmi Selbu nesa ba kusa ba. Daga cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da suka wanzu har yau akwai safar ƙafa ta auduga, mai shuɗi da fari, wadda aka tono a Masar, aka kuma ƙiyasta cewa an yi ta tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Haka nan tauraro mai tsini takwas, wanda daga baya aka laƙaba wa suna selburose, wato furen Selbu, ya daɗe yana bayyana a yadudduka da adon gine-gine na ƙasashen Musulmi da na Turai, kuma yana cikin littattafan zanen ɗinki da aka buga a Italiya da Jamus a ƙarni na 16. Saboda haka abin da Selbu ta ƙirƙira shi ne ɗora wannan tsohon zane a bayan safar hannu ta ulu, da baƙi a kan fari.

Ana danganta wannan aiki ga Marit Emstad, wadda aka haifa a 1841 ta kuma rasu a 1929. A wajejen 1857, tana 'yar kimanin shekara 16 tana aikatau da kiwo, ta saƙa safa mai wannan tauraro ta sa ta zuwa coci, a lokacin da safar da aka saba gani a yankin mai kala ɗaya ce, kuma ba a jima ba matan garin suka shiga kwaikwayonta.

Akwai dalili na fasaha da ya sa zanen ya ɗauki siffar da ya ɗauka. Ana yin saƙar ne a kewaye da tsinkaye huɗu ko biyar masu tsini a kai biyu, masaƙiya tana riƙe da zare biyu a lokaci guda, duk sa'ad da ta saƙa da ɗaya sai ɗayan ya bi ta ciki a miƙe har zuwa inda za a buƙace shi. Wannan zaren da ke bi ta ciki shi ke ninka kaurin safar ya ƙara mata ɗumi, amma idan aka bar shi ya yi tsawo sai ya riƙa sarƙe yatsa, ya kuma tattare saƙar. Don haka ba a barin fili mai faɗi na kala ɗaya, sai a cike kowane gurbi da ɗigo ko ƙaramin reshe, abin da ya sa bayan safar yake ɗauke da babban zane, tafinta kuma yake ɗauke da ƙananan zane masu maimaita kansu, waɗanda suke ƙara wa wurin ƙarfi tunda shi ya fi shan gogayya.

Al'adar aure ce ta mayar da wannan sabon salo abin gasa. A Selbu ta wancan zamani, amarya da matan da aka gayyata sukan tanadi safa da za a raba wa ango da danginsa da sauran maza mahalarta, kuma kafin rabon akan rataye su a jere inda kowa zai gani, kusan kamar yadda ake baje kayan lefe a ƙasar Hausa. Da yake ba macen da take son a ga nata ya gaza na maƙwabciyarta, sai zane ya yi ta yawaita, ana raɗa masa sunan gona ko na masaƙiya ko na wani abin da ya yi kama da shi, irin su ƙahon rago.

Abin da ya fitar da safar daga gida zuwa kasuwa kuwa matsin rayuwa ne. Selbu ta shafe ƙarnuka tana dogaro da sassaƙa dutsen niƙa, wanda ake kaiwa sassa da yawa na Norwe, amma a farkon ƙarni na 20 wannan sana'a ta mutu bayan shigowar sababbin injinan niƙa. Tun a 1897 Marit Emstad ta fara kai safarta shagon kayan sana'ar hannu na Husfliden da ke Trondheim, kuma da dutse ya daina ciyar da gida, sai maza da yara ma suka rungumi tsinke, masu kantuna suna karɓar safa a madadin kuɗin kayan masarufi. Wannan musaya ta jawo gaggawa da ha'inci a aiki, inganci ya faɗi, har aka kafa cibiyar Selbu Husflidscentral a 1934 domin ta tsayar da ƙa'idar girma da nauyi da zane, ta kuma mayar wa masaƙa duk abin da bai cika sharaɗi ba. Ana iya cewa wannan mataki ya taƙaita 'yancin masaƙiya na ƙirƙira, sai dai shi ne ya ceci sunan safar a daidai lokacin da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yake bunƙasa a Turai da Amurka, har ya zama a shekarun 1930 ana saƙa kimanin safa 100,000, hagu da dama, a Selbu a kowace shekara.

Injinan saƙa sun rage wa sana'ar kasuwa daga baya, amma furen ya riga ya zama alamar ƙasa da ake gani a rigunan sanyi da huluna. A 1991 ƙaramar hukumar Selbu ta ɗauki furanni uku baƙaƙe a matsayin tambarinta, sannan a 2016 Anne Bårdsgård ta wallafa littafi mai suna Selbuvotter, wanda ta tattara zane fiye da 500 a cikinsa daga tsofaffin safar da aka adana a gidajen tarihi da gidajen jama'a.