Hanyar Marsha Linehan ta Jinyar Larurar Ɗabi'a Mai Hawa da Sauka

Larurar ɗabi'a salo ne na tunani da mu'amala da kan kafu tun ƙuruciya, ya riƙa jawo wa mutum wahala a gida da wurin aiki. Daga cikin nau'o'inta, wanda ya daɗe yana gagarar masana shi ne mai hawa da sauka, da likitoci ke kira bodalayin, wanda ya shiga kundin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. Mai fama da shi yakan yi saurin hasala, ga tsoron kada a guje shi, ga yankan jiki da yunƙurin kashe kai.

Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan'adam da ta yi aiki a Jami'ar Washington da ke Siyatil, ta fara ne da hanyar gyaran hali da aka saba. Sai ta lura idan aka matsa wa majinyaciya ta canza, takan ji ana zarginta. Idan kuma aka tsaya ga lallashi, sai ta ga an raina azabarta. Daga nan ta gina hanyar da aka sani da DBT, wadda ke haɗa karɓar mutum yadda yake da neman ya canza. A ra'ayinta, larurar tana tasowa ne idan yaro mai saurin sosuwar rai ya tashi inda ake ƙaryata abin da yake ji.

Jinyar takan ɗauki shekara guda: ganawa da masani kowane mako, ajin koyon dabaru, kiran waya idan abu ya ta'azzara, da zaman shawara tsakanin masanan kansu. Batutuwa kuwa suna da jeri. Abin da ke barazana ga rai shi ake fara dubawa, sannan abin da ke kawo cikas ga jinyar, kamar ƙin zuwa, kafin a zo kan aure ko aiki.

Zuciyar aikin ita ce bin diddigi. Idan majinyaciya ta rubuta a katin da take adana bayanan halin da take ciki cewa ta yanki hannunta ranar Laraba, masani zai bi da ita daki-daki: rashin barci a daren Talata, saƙon da ba a amsa ba, zargin cewa an yi watsi da ita, sannan reza. A kowace gaɓa sai a nemi abin da za a iya yi a madadinsa, ko da tsoma fuska ne cikin ruwan sanyi don bugun zuciya ya lafa.

Gwajin farko da aka wallafa a 1991 ya ƙunshi mata 44, ya kuma nuna raguwar cutar da kai da kwanakin kwanciya asibiti. Na 2006, mai mata 101, ya gano yunƙurin kashe kai ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da jinyar wasu ƙwararru. Sai dai duk mata ne 'yan Amurka, abin da ke taƙaita hukuncin. DBT kuma ba ita kaɗai ce mai hujja ba: hanyar Anthony Bateman da Peter Fonagy ta koyon fahimtar tunanin kai da na wasu ta nuna nasara a gwajin da suka wallafa a 1999 daga Landan.