Daga bukin dubu zuwa liyafar kaka: wa ke ciyar da wa?

Kaka ta yi, damma sun fara shiga rumbuna, kuma kamar kowace shekara ƙungiyoyin ƴan asalin garuruwa mazauna Yamai da Maraɗi sun soma shirya liyafar cin abinci domin tara kuɗin taimakon manoman gida. A sayi tike, a ci tuwon hatsi, a yi alƙawarin gudummawa. Wani dattijo ya kira ni cikin shiri ya ce shi wanga abu bai gane mishi ba, al'adar nasara ce. Na ce Baba, tike ɗin kam baƙo ne, amma cin abinci a bainar jama'a saboda noma, mun gaje shi.

Ku tuna da gayya. Mai gona ya gayyato samarin gari, mata su dama fura su tuƙa tuwo, makaɗi ya bi bayan manoma da ganga, kafin la'asar an gama aikin da zai ci mutum ɗaya kwana da kwanaki. Ba a biyan kowa ko dala. Abinci da goro ne ladan, sai kuma bashin da ya hau kanka, ranar gayyar wani kai ma ka ɗauki hauyarka.

Babban abin shi ne bukin dubu. A ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir, manomin da ya yi niyya sai ya tara gayya, ya nemi dami dubu na hatsi cikin damina guda. In Allah ya ba shi, ba ɓoyewa zai yi ba. Zai kira dangi, da maƙwabta, da makaɗa, da waɗanda suka riga shi yin dubu, a kwana ana ci ana sha, ya yi ta rabon hatsi da tufafi da dabbobi har abin da ya tara ya kusa ƙarewa. Daga nan ne ake kiran shi Sarkin Noma. Mata ma suna da nasu, kan ƙwarya, wanda mace ke yi ta samu sunan Tambara. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya zauna yankin Maraɗi a shekarun 1960 ya rubuta abubuwan nan da yawa. Asalin bukin na Azna ne, akwai tsafi a ciki, shi ya sa malamai suka ƙi shi, kuma yau da wuya ka ga ana yi. Ni ba tsafin nike kewa ba. Abin da ke burge ni shi ne, a wancan zamani girman manomi ba a cikar rumbu ake auna shi ba, a abin da ya fitar ne.

To me ya juya lamarin, har manomin da ke ciyar da gari ya koma wanda ake tara wa kuɗi?

Yunwa ta daɗe tana zuwa. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Bayan yunwar 1931 nasara suka matsa wa mutane da rumbunan tsimi na dole, kowane gida ya zuba, mabuɗi kuma ba a hannun mai hatsi yake ba. Mutane sun tsani abin. Sai gyaɗa ta zo da kuɗi, da haraji da sai da kuɗi ake biya, gandun gida ya fara rarrabewa, kowa na neman gamanarsa. An kafa SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, OPVN kuma a 1970 domin cimaka. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗar, kuma yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga watan Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Na 1984 ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Na 2005 kuwa mu ma mun gani da idonmu, ina lakwal lokacin: hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Wannan na ƙarshe shi ne ciwon da har yanzu bai warke ba. Manomi na sayar da tiya da arha a kaka saboda bashi da buki da magani, ya dawo ya saye ta da tsada a watan bakwai da na takwas, daidai lokacin da yake buƙatar ƙarfin noma. Wanda ya rasa sai ya ci bashin da ake ce wa a ci ba daɗi, ya biya da damma in kaka ta yi. Bankunan cimaka na ƙauyuka domin toshe wannan ramin aka yi su. Wasu sun tsaya da ƙafafunsu, wasu sun mutu saboda an ranta ba a maido ba, ko kwamiti ya ci.

Shi ya sa nike roƙon masu shirya liyafa, da girmamawa. A bukin dubu kowa na ganin dami da idonsa, ana ƙirga shi gaban jama'a. Ku ma ku yi haka. Ku faɗi jikka nawa aka tara, nawa abinci da hayar wuri suka ci, buhu nawa aka saya, wane ƙauye aka kai, wa ke riƙe da mabuɗi. Ku sayi hatsin yanzu, tun yana da sauƙi, hannun manoman da kuke son taimaka wa. Kuma a kujerun gaba a ajiye wa manoman wuri, ko da babu tike a hannunsu.

Wanda kakansa ya yi dubu, ko wadda kakarta Tambara ce, ina son jin sunan garinku da yadda aka ba ku labari. Layin shiri a buɗe yake ranar Lahadi bayan sallar isha'i.